Kujerar Bra Matome

"Riƙe nan da kyau, kada ki bari ya motsa," in ji Bra Matome. Ya ɗora hannun Puseletso a bakin wata tsohuwar sifika da ya kwantar a tsakar gidansa, ya matsa gam a inda ta yage, ya bi shi da ɗan yatsa a hankali kamar mai shafa wa jinjiri magani.

Puseletso ta riƙe, amma ba wannan ne ya kawo ta ba. Yau ko buɗe shagon kitsonta na Denneboom ba ta yi ba. Ta ba mata uku haƙuri a waya, ta hau tasi biyu zuwa wannan lungu na gabashin Mamelodi, don kawai ta ji abin da tsohon zai ce mata kafin ƙarfe biyu. Ƙarfe biyu za a yi gwaji a Ga-Sello, gidan rawa da gashin nama inda rabin unguwa ke haɗuwa. Ana neman dijen gida, wanda zai riƙa saka kiɗa duk Lahadi daga tsakar rana har a tashi. Shekara goma sha tara ke nan Bra Matome ne a wannan kujera.

"Bra Matome, ni fa shawara na zo nema."

"Ita nake ba ki. Wanda bai iya riƙe sifika ɗaya ba, ta yaya zai riƙe mutum ɗari uku?" Ya goge yatsansa a wando. "Waƙa nawa kika zo da ita?"

"Dubu huɗu da ɗoriya."

"Minti nawa suka ba ki?"

"Arba'in."

"Kin ɗauko buhun masara za ki dama kunu kofi ɗaya ke nan. Ki ware talatin. A cikin talatin ɗin, goma za ki saka, sauran kuma na ko-ta-kwana ne. Da wacce za ki buɗe?"

Ta ciro wayarta da hannu ɗaya ta kunna masa. Ya rufe ido ya saurara, yana buga yatsa a gwiwa, leɓensa na motsi kamar mai ƙirga. Bai yaba ba, bai kushe ba. Ya ce ta sake kunna farkonta. Ta sake. Ya gyaɗa kai kawai.

Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu Puseletso take hawa katangar bayan Ga-Sello ranar Lahadi, ita da ƙawayenta. Su samari suke leƙe, ita kuwa mutumin da ke cikin ɗan akurkin saka kiɗa take kallo, doguwar hula a ka, hedifon a kunne ɗaya. Abin da ya riƙa ɗaure mata kai shi ne, ba ta taɓa kama inda waƙa ta ƙare wata ta fara ba. Sai dai kawai ta farga ana wata rawar daban. Da ta kai ashirin da ɗaya ta yi ƙarfin hali ta tare shi a bakin ƙofa ta tambaye shi yadda yake yi. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce ta zo ranar Litinin, lokacin da ake wanke wurin. Shekara guda tana zuwa duk Litinin. Bai taɓa karɓar ko sisinta ba, bai kuma taɓa ce mata ta iya ba. Daga nan ta shiga yawon biki da suna da shagalin bayan jana'iza, tana jan sifikun haya a bayan motar duk wanda ya tausaya mata. Shekara shida ke nan. Uwarta har yau in an tambaye ta aikin 'yarta, kitson kawai take faɗa.

"Filash nawa gare ki?" ya tambaya.

"Ɗaya."

"Ki sayi na biyu a hanya ki kwafe komai. Ɗaya a jaka, ɗaya a jikinki, inda ko ɓarawo zai ji kunyar kai hannu. Kuma kada ki je ƙarfe biyu. Sha biyu za ki je. In kin shiga, kada ki fara da ofis, ki fara da kicin. Ki gaida Ntswaki mai girki. Mai gida takan ɗauki dije, amma Ntswaki ce ke korar sa. Ki sayi abinci ki zauna ki ci kamar kowa. Bayan nan ki zaga wurin kusurwa-kusurwa. Ta wajen murhun nama, kiɗa nutsewa yake yi. Ta wajen ƙofa kuma kwanon rufin ya saki, in kika ƙure ƙugin ganga zai hau karkarwa kamar mai zazzaɓi. Maɓallin injin kiɗa na hagu yana maƙalewa, da gefen babban yatsa ake danna shi, ba da tsini ba. Kina ji ko na rubuta miki?"

"Ina ji."

"Kada ki sha komai sai ruwa. Kada ki kalli mai gida, ko da da ka take tafiya. Ƙarƙashin tebura za ki riƙa kallo. Fuska takan yi kara, ƙafa ba ta yi. In kika ga ƙafa ta fara motsi, kin kama su, ki bi ta a hankali kada ki fizge." Ya ɗaga hannunta ya duba gam ɗin, ya mayar. "Babban abin kuma, ki san me ake nema. Baƙon dije ango ne. Ya zo da sabbin kaya, a yi masa guɗa dare ɗaya, ya tafi. Dijen gida kuwa miji ne. Shi ake gani duk mako, ran ruwa da ran rana, ran da gari ke da kuɗi da ran da babu. Wanda ya zazzage duk abin da ya iya a minti arba'in, me zai kawo Lahadi ta biyu?"

Ta yi dariya. Sannan ta yi tambayar da ke cinta tun da ta ga sanarwar a waya. "Amma kai me ya sa za ka bari? Lafiya dai ko?"

"Ki riƙe da kyau, gam bai bushe ba."

Daidai nan matarsa MmaTumi ta fito da tire, shayi kofi biyu da magwinya, wato fanke, masu zafi, mai na naso a takarda. A kafaɗarta akwai farar riga da ta gama gogewa. Ta ajiye tiren, ta dubi mijinta.

"Ka gaya mata?"

"Na gaya mata duk abin da take bukata."

MmaTumi ta ja tsaki, ta rataye rigar a jikin ƙofa ta koma ciki. Puseletso ta ɗauka maganar ciwo ce, irin wadda tsofaffi ba sa so a sani. Ta ci magwinya biyu, ta yi godiya, ta kama hanya.

Sha biyu saura kaɗan ta isa Ga-Sello. Da rana wurin ba shi da kwarjinin Lahadi. Rumfar kwano ce mai faɗi, teburan katako, hayaƙin nama na tashi daga can ƙarshe. Direbobin tasi biyar sun haɗa tebur suna gardamar ƙwallo. Wasu tsofaffi uku na zaune da kwalabensu a inuwa, ba sa ko magana. Ta wuce kicin kai tsaye.

"Sannu da aiki, Ausi Ntswaki."

Matar, gajeriya kakkaura mai ɗaurin ɗankwali har gira, ta ci gaba da tuƙa pap, tuwon masararsu, ba ta juyo ba. "Ke ce ta ukun?"

"Ta ukun me?"

"Je ki duba allo."

A jikin bangon ofis akwai allon da ake rubuta farashin nama. An goge gefe guda an rubuta da alli: ƙarfe biyu, Kutlwano. Uku saura kwata, Matome. Uku da rabi, Puseletso.

Ta karanta sau uku.

Keabetswe ta fito daga ofis da waya a hannu. Ita ce 'yar marigayi Sello da ya kafa wurin. Bara ta bar aikinta a Johannesburg ta dawo ta riƙe gidan bayan rasuwar uban. Mace ce mai fara'a, amma yau idonta ya faɗa kamar wadda ta kwana biyu ba ta runtsa ba.

"Ausi Kea, wannan sunan na tsakiya fa?"

"Shi ne dai." Keabetswe ta sauke murya. "Kada ki dube ni haka. Mutumin nan ya goya ni, Malome nake ce masa, wato kawu. Amma ki zo ran Lahadi ki ƙirga kawunan da ba su da furfura. Yaran duk sun koma sabbin wurare. Na je har gida na ce masa zan kawo matashi, shi kuma ya huta, a riƙa girmama shi. Ya ce shi ba a sallamar sa kamar tsohon kare. In gwaji ne a sa sunansa. Ni ce ma na roƙe shi kada ya yi."

Puseletso ta sayi pap da nama kamar yadda aka umarce ta, ta zauna, amma loma biyu ta iya haɗiyewa. Ta zaga wurin kusurwa-kusurwa, ƙafafunta kawai ke tafiya. Duk abin da ya faɗa haka yake: ga kwanon da ya saki, ga lungun murhu.

Ɗaya da rabi Bra Matome ya shigo cikin farar rigar nan, da 'yar jakarsa a hammata. Ya leƙa kicin, ya gaida mai gashin nama, ya tsokani direbobi kan ƙungiyarsu da aka lallasa ranar Asabar. Sannan ya zo ya zauna a bencin masu jiran gwaji, ya ɗora jakar a cinya kamar ɗan makaranta ranar jarrabawa.

Ta zauna kusa da shi. "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya miki, da kin zo?"

"A'a."

"To."

"Ni tafiya zan yi, Bra Matome. Ba zan yi takara da kai ba. Kai ka koya mini riƙe hedifon."

Ya juyo ya dube ta sosai, fuskarsa ba wasa. "In kika fita ƙofar nan kin zage ni. So kike a ce Matome ya ci don babu kowa? Ko kuwa so kike in faɗi a hannun wancan?" Ya nuna da haɓa. Kutlwano ne, wani dogon saurayi, ke shigowa da baƙin tabarau da sarƙa biyu a wuya, abokansa biyu na ɗaukar sa a waya. "Zauna. Kuma in kika sassauta mini, zan gane. Ni na san hannunki fiye da ke."

Kutlwano ya iya, ba a ƙwace masa ba. Hannunsa na da sauri, kuma yana da sabbin waƙoƙi. Amma ƙarfe biyu na ranar Laraba ya buɗe da abin da ake sakawa lokacin da fili ya cika ya batse. Ya ƙure ƙugin ganga, kwanon bakin ƙofa ya hau karkarwa. Direbobi suka ɗaga murya, suka gaji, biyu daga ciki suka ɗauki farantansu suka koma waje. Shi kuwa yana ta tsalle, hannu ɗaya a sama, yana kallon wayoyin abokansa. Da ya gama aka tafa masa. Wani tsoho ya sa ɗan yatsa yana sosa cikin kunne.

Bra Matome ya tashi ya shiga akurkin. Ya ɗauki lokacinsa ya goge saman injin da hankici. Ya sa hedifon a kunne ɗaya. Puseletso na jiran ya fara, sai can ta gane ashe ya riga ya fara. Wani tattausan kiɗa ne mai busa a ciki, can ƙasa-ƙasa, har ana jin ƙarar wuƙar mai nama a kan katako. Direbobin da suka fita suka dawo da farantansu, ba tare da sun san me ya dawo da su ba. Gardamar ƙwallo ta ci gaba. Shi bai ɗaga kai ba balle hannu.

Ta sunkuya ta dubi ƙarƙashin tebura. Takalmin wani direba ya fara taɓa ƙasa. Can kuma silifas ɗin wani tsoho. Bra Matome ya gani, ya ƙara wuta kaɗan, kamar mai dafa wake. Ta kafa kunne ta ce yau sai ta kama ɗinkin da ke haɗa waƙa da waƙa, ta san dabarun duka, shi ya koya mata. Waƙa ta biyu ta wuce, ta uku ta shigo, ba ta kama ba. Ya sulale cikin tsohon kiɗan kwaito na zamanin samartakar direbobin, sai ɗaya ya dakata a tsakiyar magana, cokali a hannu, ya ce, "Kai! Wannan fa!" Ya miƙe da naman a baki. Wata mata ta shigo sayen nama da jariri a baya, jaririn ya fara kuka. Bra Matome ya janye ƙarar sifikar da ke kusa da ita kaɗai, ya bar sauran, har yaron ya yi shiru. Babu wanda ya lura sai Puseletso.

A minti na ashirin Ntswaki ta fito daga kicin da muciya a hannu, tana juya kafaɗa, fuskarta a murtuke kamar an tilasta mata. Tsofaffin nan uku suka tashi ɗaya bayan ɗaya. A minti na talatin ya jefo wani kiɗan amapiano sabo fil, wanda ita kanta Puseletso ba ta da shi, ya zaunar da shi a kan tsohuwar busar da ya fara da ita, suka zauna daram kamar tare aka haife su. Kutlwano ya cire tabarau. Abokansa suka juya wayoyinsu wajen tsohon. Mutum goma sha biyar ne ko sha shida a wurin, rana tsaka, ranar aiki, kuma babu wanda ke zaune. Puseletso ta ji hawaye na bin kumatunta, ta bar su.

Minti arba'in cif ya cire hedifon. Amma bai kashe kiɗan ba kamar yadda Kutlwano ya yi. Ya bar ganga kaɗai tana tafiya, ya yafito ta. Da ta shiga akurkin ta sa filash ɗinta, ta dubi gudun kiɗan da ya bar mata. Daidai yake da gudun waƙar da ta kunna masa da safe, ba ƙari ba ragi. Ya ɗumama mata fili, ya kuma buɗe mata ƙofa.

"Kada ki bar su su huce," ya ce a kunnenta, ya fita.

Ɗinkinta na farko ya fito a fili, ganguna biyu suka yi karo na ɗan lokaci kamar dawakai biyu a kan kwalta, wani direba ya waiwayo. Ta danna maɓallin hagu, ya maƙale. Ta sake dannawa da gefen babban yatsa, ya tafi. Ta ja numfashi. Ta daina tunanin mutumin da ke zaune a benci, ta koma kallon ƙafafu.

Waƙa ta uku ta yi wa tsofaffin sauri, biyu suka koma kujera. Ta gani, ta ja da baya, ta nemo wata mai muryar mata irin ta coci a cikin na ko-ta-kwana, suka sake tasowa. Daga nan hannunta ya saki. Ta manta da gwaji. A tsakiya ta saka nata na kanta, kiɗan da ta haɗa a shago a ranakun da babu ciniki, wanda ta sa muryar wata mai kitso a ciki tana cewa "sunkuyar da kai, mama, sunkuyar da kai." Ntswaki ta tsaya ta saurara, sai dariya ta ƙwace mata. Zuwa zagaye na biyu har direbobi na amsawa suna sunkuyar da kai.

Kiɗan ya tsallaka titi. Masu wankin mota da ke ƙetare suka shigo da jiƙaƙƙun wanduna. 'Yan matan kwaleji huɗu da ke jiran tasi suka leƙo, suka shige da jakunkunansu. Suka kira wasu a waya. Kafin ta gama, wurin ya kusa mutum hamsin, kuma sababbin sun fi tsofaffin yawa. Ta leƙa benci sau ɗaya tak. Bra Matome na zaune, jaka a cinya, ba ya murmushi. Ƙafarsa ta dama na taɓa ƙasa.

Keabetswe ta sallami Kutlwano da kyakkyawar magana, sannan ta kira su biyu ofis. Ɗan ɗaki ne, hoton marigayi Sello a bango. Ta daɗe tana juya biro a hannu.

"Malome," ta ce, "duk wanda ke da kunne ya san babu wanda ya kama ƙafarka yau. Ita ma ta sani."

"Na sani," in ji Puseletso da sauri.

"Amma ka ga waɗanda suka shigo daga titi."

"Na gani. Ina da ido." Ya gyara zaman jakarsa. "Faɗi maganarki, Kea. Ubanki ba ya kwana-kwana."

"Puseletso zan ɗauka." Muryarta ta karye. "Amma na yi tunani, Lahadin farkon kowane wata kai ka..."

"A'a. Kujera ɗaya ba ta ɗaukar mazaunai biyu. In ina leƙowa duk wata, mutane ba za su taɓa zama nata ba, za su riƙa jira na ne." Ya miƙe ya ba Keabetswe hannu, ya riƙe nata da hannu biyu. "Kin yi daidai. Na so in faɗi a tsaye ne, kin kuma bar ni. Goge idonki, ma'aikata na kallo."

Puseletso ta buɗe baki, ya ɗaga mata yatsa. "Ke kuma ɗinkinki na farko, ko makaho ya gan shi. Ki gyara."

Ya koma akurkin ya kwashe 'yan kayansa: wata wayar wuta da ya ce tasa ce tun zamanin Sello, ƙaramin matashin da yake jingina da shi, da kofin ƙarfe. Ta tsaya a bakin ƙofar tana kallon yadda yake naɗe wayar a gwiwar hannu. Sau biyu tana kuɓuce masa. Ya daɗe yana kallon saman injin, ya sa hankici ya sake goge inda babu ƙura.

Ta raka shi bakin titi. Rana ta yi sanyi, 'yan makaranta na ta wucewa.

"Saurara," ya ce, idonsa na kan motoci. "Teburin da ke jikin ginshiƙi na Mma Ramaboa ne. Ƙarfe uku take zuwa daga coci, da shuɗiyar hula. Akwai wata waƙa mai kukan goge a farko, zan turo miki ita. Kada ki kuskura ki saka in tana nan, da ita aka raka ɗanta kabari. In kika ga 'yan unguwar Phomolong da 'yan unguwar Lusaka sun fara harare-harare, ki saka abin da mata ke so, matan za su cika fili su raba su. Ƙarshen wata mutane na da ƙarfi, ki ja su. Tsakiyar wata ki lallaɓa su, kowa da abin da ke damun sa. In ruwan sama ya sauko a kan kwanon nan, kada ki yi gasa da shi, ba za ki ci ba."

"Bra Matome." Ta juyo ta dube shi. "Kai fa? Ran Lahadi me za ka yi?"

Ya bi wata tasi da kallo har ta wuce. Sannan ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Kin san shekara goma sha tara ban taɓa cin naman gidan nan da zafi ba? Kullum sai ya sandare ake miƙo mini. MmaTumi kuma tun muna da baƙin gashi take zuwa ta zauna, ta kalli matan mutane na rawa da mazajensu, nata mijin na cikin keji. Ta daina zuwa ma." Ya ɗaga yatsa, wata tasi ta rage gudu. "Ki sa a ajiye mana tebur, ba kusa da sifika ba. Wajen ƙarfe huɗu ki rage gudu. Gwiwata ta hagu ba ta shiri da kiɗanku na zamani."

Ya shiga, ya zauna a kujerar baya, jakar a cinya. Bai waiwayo ba.

Puseletso ta tsaya har motar ta sha kwana. Wayarta na ta ruri a aljihu, ƙawaye sun ga bidiyo, ba ta ɗauka ba. Ta koma ciki, ta wuce akurkin, ta wuce ofis, ta shiga kicin. Ntswaki na kankare tukunya, ta ba ta baya.

"Ausi Ntswaki, tambaya gare ni."

"Kin samu abin da kike so, me kuma ya rage?"

"MmaTumi. Lokacin da take zuwa, wace waƙa ce in an saka take kasa zama?"

Kankarar tukunya ta tsaya. Ntswaki ta juyo ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta goge hannu a zaninta, ta jawo wani bokiti ta kife shi da ƙafa.

"Ban san sunanta ba," ta ce. "Zauna in rera miki, ke kya nemo."